Kujerar Akan: Daji Ya Ƙare, Rigimar Gado Ta Rasa Mafita

Koforidua, hedikwatar Yankin Gabas a ƙasar Gana, gari ne da shan kaye ya haifa. A 1875 rundunar Asantehene, wato sarkin Asante, Mensa Bonsu ta auka wa Juaben, ɗaya daga cikin manyan masarautun da suka haɗu suka kafa daular Asante, bayan sarkinta ya nemi zare wuyansa daga ƙarƙashin Kumasi. Mutanen Juaben suka sha kashi. Maimakon su zauna su yi mubaya'a, sai da yawansu suka kwashi yara da tsofaffi suka nausa cikin dajin Akyem Abuakwa, suka sami fili, suka sare, suka kafa wata masarauta suka sa mata suna Sabuwar Juaben. Tsohuwar kuma ba ta mutu ba, tana nan kusa da Kumasi. A 1992, shekara fiye da ɗari bayan rabuwar, da aka tashi naɗa sarki a Koforidua sai aka ɗauko Daasebre Oti Boateng, shugaban hukumar ƙididdiga ta ƙasa a lokacin, wanda ɗan'uwa ne ga Nana Otuo Siriboe na Biyu, sarkin tsohuwar Juaben. Tafiya ta raba garin biyu, amma tsatson uwa yana nan ɗaya.

Wanda ke son ya fahimci sarautar Akan dole ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare: gado ta wajen uwa, da kuma ƙaura. Shekaru aru-aru ƙaura ce take kashe wutar rigimar gado. Yau ita ce take ƙara mata itace.

Akan ba ƙabila ɗaya ba ce tak, gungu ne na al'ummomi masu harshe da al'ada kusa da juna: Asante, Fante, Akyem, Akuapem, Kwahu, Bono, Akwamu, Denkyira, da Baule da Anyi a Kwaddibuwa. A ƙidayar Gana ta 2021 sun haura kashi 45 cikin 100 na mutanen ƙasar. Hausawa ba baƙinsu ba ne. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro, daga dazuzzukan Asante goron yake fito musu, kuma Tonawa suke ce wa mutanen.

A wurin Akan, jini na uwa ne. Yaro ɗan dangin mahaifiyarsa ne, abin da suke kira abusua, kuma manyan dangogin takwas ne, kowane da rassansa a garuruwa daban-daban. Kujerar Kumasi ta dangin Oyoko ce. Saboda haka ɗan sarki ba ya gadon ubansa, domin shi na dangin matar sarki ne. Mai gado shi ne ƙanen sarki da suke uwa ɗaya, ko ɗan 'yar'uwarsa, ko wani da ya fito daga cikin matan gidan. Kawu ne ke barin kujera, ɗan 'yar'uwa ya hau. 'Ya'yan sarki ba a watsar da su, akwai sarautun da aka ware musu kamar ta Akyempemhene a Kumasi, amma Kujerar Zinariya, wato kujerar Asantehene, ba tasu ba ce, kuma sun san haka tun suna goye.

Ginshiƙin wannan tsari mace ce, wato ohemaa, uwar sarauta. Ba lallai ta zama mahaifiyar sarki ba. Tana iya zama yayarsa ko ƙanwar uwarsa, amma ba ta taɓa zama matarsa. Tana da kujerarta, da fadarta, da kotunta inda ake kai ƙarar aure da zagi da rikicin mata. Ita ce ma'ajiyar asali: ta san wa ya haifi wa, kuma daga wane ɗaki. Idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki ba sa kawo suna da kansu, sai su aika mata ta ba su mutum. In ta bayar suka ƙi, ta sake ba da wani. Sau uku take da shi. Bayan na uku zaɓi ya koma hannun manyan gari, amma ko a nan dole wanda za su ɗauka ya kasance jinin gidan. Wanda aka amince da shi sai a killace shi a koya masa al'ada, ya zare takobi ya yi rantsuwa a gaban manyansa, sannan a shiga da shi ɗakin baƙaƙen kujerun magabata a ɗora shi sau uku a kan ta wanda zai ɗauki sunansa. A ranar kuma mai magana da yawun fada yana karanto masa sharuɗɗan jama'a a bainar kowa: kada ya zage su, kada ya yi rowa, kada ya toshe kunne, kada ya yanke hukunci shi kaɗai.

Waɗannan sharuɗɗa ba ado ba ne. Waɗanda suka ɗora sarki suna iya sauke shi, kuma alamar saukewar ita ce a cire masa takalmi ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Tarihin Kumasi kanta ya shaida. A tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 aka tuɓe Asantehene Osei Kwame, kuma uwar sarauta Konadu Yaadom tana kan gaba a masu tuɓe shi. Joseph Dupuis, jakadan Ingila da ya je Kumasi a 1820, ya rubuta cewa kusancin sarkin da Musulmin garin yana cikin abin da ya jawo masa. A 1874, bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi, aka sauke Kofi Karikari, har da zargin ya ɗebi zinariya daga makwancin sarakuna, alhali mahaifiyarsa Afua Kobi ce uwar sarauta. Ƙanensa Mensa Bonsu, wanda ya kori mutanen Juaben, shi ma a 1883 aka cire masa takalmi.

Tsari ne mai kyau, kuma ya cancanci yabo: sarauta ta gida ɗaya ce amma ba ta mutum ɗaya ba, ana zaɓen wanda ya fi dacewa, kuma ana iya gyara kuskure ba sai an jira mutuwa ba. Sai dai inda ƙarfinsa yake, nan rauninsa yake. Idan duk namijin da ya fito daga matan gidan ɗan takara ne, to masu jin sun isa suna da yawa. Bayan sauke Mensa Bonsu sai da Asante ta yi shekara biyar cikin yamutsi da yaƙin basasa, kafin Yaa Akyaa ta iya ɗora ɗanta Prempeh na Ɗaya a 1888.

To, da can ina wanda ya faɗi yake zuwa? Daji yake shiga.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Abla Poku. A ƙarni na 18, rigimar gado ta tashi a Kumasi, ɓangaren ɗan'uwanta Dakon ya sha kaye, aka kashe shi. Ta tara magoya baya ta yi yamma da su. Labarin baka na Baule ya ce da suka iso kogin Komoye ga ruwa ya cika ga abokan gaba a baya, sai da ta sadaukar da ɗanta suka haye. Ko mutum ya ɗauki wannan a matsayin tarihi ko almara, abin da ba a musu a kansa shi ne al'ummar Baule tana nan a tsakiyar Kwaddibuwa da sarautarta a Sakasu, kuma daga cikinta Félix Houphouët-Boigny ya fito, wanda ya gaji sarautar yankinsu ta wajen uwa a 1940, shekara ashirin kafin ya zama shugaban ƙasa. Akwamu ma haka. Daular da ta taɓa mallake Akra, da Akyem suka murƙushe ta a 1730, ragowar gidan sarautar suka haye kogin Volta suka sake kafuwa a Akwamufie. Denkyira, wadda sarkin Asante Osei Tutu na Ɗaya ya karya a Feyiase a 1701, daga baya wani babban ɓangarenta ya yi kudu ya zauna a Jukwa kusa da gaɓar teku. A duk waɗannan, abin da ake fara ɗauka ba hatsi ba ne, kujerun magabata ne, kuma dole a tafi da matan gidan, domin in babu su babu sarkin gobe. Mutum ya rasa gari amma bai rasa sarauta ba, wanda ya ci nasara kuma ya huta da abokin hamayya.

Wannan ƙofa ta rufe, kuma abu biyu suka rufe ta. Na farko iyakokin da Ingila da Faransa suka shata, waɗanda suka mai da kowane taƙi na daji mallakin wata masarauta da aka rubuta sunanta a takarda. Na biyu koko. Bayan Tetteh Quarshie ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem, manoman tsaunukan Akuapem suka fara gangarowa dajin Akyem Abuakwa tun shekarun 1890 suna sayen fili, wasu dangi-dangi, wasu ƙungiya-ƙungiya. Polly Hill, Baturiyar da daga baya ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina tana nazarin noman Hausawa, ta bi sawun waɗannan manoma gona-gona ta fitar da littafi a kansu a 1963. Daga nan guguwar ta yi yamma, Ahafo, sannan Sefwi. Wannan ƙaura daban take da ta Abla Poku. Manomin koko ba ya ɗaukar kujera, yana biyan mai kujerar da ya tarar ne, ko ya yi noma a raba uku ko a raba biyu, abin da suke ce wa abusa da abunu. Ke nan daji ya daina zama mafakar wanda ya faɗi, ya koma dukiyar wanda ya hau.

Yawancin ƙasar Gana har gobe a hannun sarautu da dangogi take, ba a hannun gwamnati ba. Kundin tsarin mulki na 1992 ya tsara yadda za a raba kuɗin shiga na filayen sarauta: kashi 10 cikin 100 ga ofishin da ke tattarawa, abin da ya rage kuma 55 ga ƙaramar hukuma, 25 ga kujera, 20 ga majalisar gargajiya. Amma babban kuɗi ba nan yake bi ba. A al'ada mai neman fili kwalbar giya yake kai wa sarki don a yi wa magabata zubi. Yau wannan "kuɗin giya" ya kai farashin fili a kasuwa, kuma sau da yawa ba ya shiga wancan rabo. A gefen Kumasi da Akra, gonar rogo ta jiya fulotai ce yau. A wuraren da ke da zinariya kuma ga masu haƙar galamse da injinansu, waɗanda suka mai da kogin Pra da Ofin ruwan laka. Duk wanda ya hau kujera a irin wannan wuri ya hau kan taska, wanda ya faɗi kuma ba shi da dajin shiga. Sai ya ɗauki lauya.

Akuapem misali ce. Sarkinta, Okuapehene Addo Dankwa na Uku, ya rasu a 2015, kujerar ta yi kusan shekara biyar ana ja-in-ja a kanta tsakanin rassan gida ɗaya, kafin a naɗa wani a 2020, kuma naɗin bai kashe maganar nan take ba. Shekara biyar ba sarki na nufin shekara biyar ba mai sa hannu a takardar fili da kowa zai yarda da shi, ba mai raba gardama, ba bikin Odwira cikin natsuwa. Talaka ne ke biyan wannan.

Ana cikin haka sai ga ƙaura ta uku, ta jirgin sama. Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1970 da 1980 ta watsa 'yan Gana duniya: Legas, kafin korar da Najeriya ta yi a 1983 ta mayar da kimanin miliyan guda gida, sannan Landan, Hambug, Amstadam, Toronto, Niyok. Wanda ya dawo daga Turai da kuɗi borga ake ce masa a titunan Kumasi. Wasu daga cikin waɗannan 'ya'yan gidan sarauta ne, kuma idan kujera ta faɗi, su ne ke da kuɗin jana'iza, da na masu zaɓe, da na lauya.

Adalci ya sa a faɗi cewa wannan ba sharri ba ne zalla. Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu kansa ya yi karatu da aiki a Landan da Toronto kafin ya koma gida. Wanda ya gabace shi, Opoku Ware na Biyu, ya rasu a watan Fabrairun 1999, uwar sarauta Afia Kobi Serwaa Ampem ta Biyu ta miƙa sunan ɗanta, manya suka karɓa, ranar 26 ga Afrilu ya hau. Wata biyu kacal. A shekarar ya kafa asusun tallafin ilimi, kuma shi ya jagoranci kwamitin manyan sarakuna da ya yi ta fama da rikicin masarautar Dagbon tun bayan kisan sarkinta, Ya-Na Yakubu Andani, a 2002, har aka naɗa sabon Ya-Na a 2019. Zama a waje bai rage masa komai ba, domin jininsa ba abin tambaya ba ne kuma ya dawo ya zauna da mutanensa. Matsalar tana wurin sarkin da ke mulki ta waya daga Amurka, ba a ganinsa sai ranar biki ko ranar sayar da fili, da kuma attajirin da kuɗinsa ya sa aka gano masa kaka a gidan sarauta dare ɗaya. Tun 1985 Opoku Ware na Biyu ya buɗe wa irin waɗannan masu hali hanya mai tsabta da sarautar nkosuohene, sarkin raya gari, wadda ba ta bukatar jini. Wanda ke son yi wa garinsu aiki ga ta nan. Bai kamata ya nemi baƙar kujera ba.

Akwai wani kulli da ƙaurar zamani ta ɗaura wanda kakanni ba su san shi ba. Ɗan sarkin da ya tashi a fada, ya iya kiɗa da rantsuwa da tarihin kowace kujera, ba shi da gado. Ɗan 'yar'uwar sarki da aka haifa a Jamus, wanda harshen Twi bai zauna a bakinsa ba, shi ne magaji na halal. A harkar dukiya gwamnati ta riga ta sa baki: dokar gado ta 1985 ta ba mata da 'ya'ya kaso mafi tsoka na abin da mutum ya tara da guminsa, don a daina korar gwauruwa da marayu daga gidan da suka gina. Dokar ba ta taɓa kujera da dukiyar dangi ba, kuma daidai ne da ba ta taɓa ba. Al'adar tana iya gyara kanta in an bar ta. Da can mai kaciya ba ya hawa kujerar Akan, domin ana son jikin sarki cikakke. Da kaciya ta bazu a ƙarni na 20, kuma wanzamai Hausawa na cikin waɗanda suka yaɗa ta, sai sharaɗin ya sassauta ba tare da wata dokar majalisa ba.

Duk lokacin da rigima ta yi tsami, ana samun masu cewa gwamnati ta shigo ta raba gardama. Gana ta gwada, ba ta ji daɗi ba. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta sauke sarkin Akyem Abuakwa, Okyenhene Ofori Atta na Biyu, a 1958 saboda yana tare da 'yan adawa, ta ɗaga sarakunan da ke goyon bayanta. Sojojin da suka kifar da ita a 1966 suka fito da doka suka sauke da yawa daga cikin waɗanda ta ɗaga. Wasu rigingimun da ake fama da su yau jikokin wancan ɗagawa da saukewa ne. Shi ya sa sashe na 270 na kundin 1992 ya hana majalisar dokoki ba wa kowa ikon amincewa da sarki ko janye amincewa, sashe na 276 kuma ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Mai karatu a Kano, wanda ya ga an tuɓe sarki a 2020 an mayar da shi a 2024 bisa sauyin gwamnati, ko a Sakkwato da ya ga an tuɓe Sarkin Musulmi a 1996, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar wannan sashe. Ya kamata 'yan Gana su riƙe shi da hannu biyu.

Maganin yana cikin gida, kuma kundin ya ambace shi. Sashe na 272 ya ɗora wa Majalisar Sarakuna ta Ƙasa, mai mazauni a Kumasi, aikin tattara dokokin al'ada da rubuta layin gado na kowace kujera. An fara, amma tafiyar hawainiya ake yi, alhali tsofaffin matan da ke riƙe da asali a ka suna ta tafiya. Aikin yana da ƙaya, gaskiya ne. A cikin gidajen sarauta akwai zuriyar bayi da baƙin da aka rungume tun zamanin yaƙe-yaƙe, kuma tsohuwar dokar Asante ta haramta tona asalin wani, dokar da ta taimaka ƙwarai wajen haɗa daular. Rubuta layin gado zai taɓa wannan miki. Amma ai yanzu ma ana tona asalin, a gaban alƙali da 'yan jarida, cikin fushi, bayan an binne sarki. Gara a yi shi sarki na da rai, a cikin ɗaki, kowane reshe na zaune, uwar sarauta na jagora.

Ita ma uwar sarautar sai an ƙarfafe ta. Kundin ya lissafta ta a cikin ma'anar sarki, amma majalisun sarakuna na yankuna da na ƙasa, waɗanda kwamitocinsu na shari'a ke sauraren ƙarar gado kafin ta kai Kotun Ƙoli, a hannun maza suke, kuma iyayen sarauta sun daɗe suna neman cikakkiyar kujera da ƙuri'a. Babu hujjar a bar wadda ta fi kowa sanin asali a bakin ƙofa ranar da ake shari'ar asali. Matan da suka fito da Yaa Asantewaa ta Ejisu, wadda ta ja yaƙi da Turawa a 1900 lokacin da gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, ba su gaza zama a kwamiti ba. Haka kuma uwar sarautar da ba ta da abin hannu, ga ɗan takara ya zo da daloli, an sa ta cikin jarrabawa mai wuya. A ware mata kaso bayyananne daga kuɗin kujera. In kuma ta sayar da suna, al'ada ta tanadi saukewa gare ta kamar yadda ta tanada ga sarki.

Sai fili, wanda shi ne uwar rigimar. Dokar filaye ta 2020 ta ce sarki amintacce ne a kan ƙasar jama'a, ana iya tuhumarsa, ta kuma haramta ɗaukar 'yan daba masu gadin fili. A 'yan shekarun nan Asantehene ya sauke sarakuna da dama a fadarsa ta Manhyia kan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu da kuma hannu a galamse, a zaman da ake nunawa jama'a na kallo. Sauran manyan masarautun Akan ba su da uzurin ƙin yin haka. Ranar da kuɗin giya ya fara shiga littafi ana karanta shi a gaban gari, masu neman kujera don taska za su ragu da kansu.

Wannan magana ta shafi Hausawan zango kai tsaye. Gidajensu da masallatansu da makarantunsu a Kumasi, Techiman, Obuasi da Koforidua a kan ƙasar kujerun Akan suke, kuma Sarkin Zango da mai ƙasa yake hulɗa a kan kowace matsala ta unguwa. Idan mutum biyu na ikirarin kujera ɗaya, takardar fili biyu ce ke yawo, kuma baƙon da ba shi da abusua a garin shi ake fara cewa ya sake biya ko ya tashi. Shugabannin zango suna da bakin magana a fadojin nan, wasu tun kakanni. Ya dace su sa muryarsu cikin masu neman a rubuta layin gado, a kuma riƙa ba da rasit na kowane fuloti da sunan kujera, ba da sunan wanda ke kanta ba.